Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya: a auna mana rawaya

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin makaranta ne a Tawa, kuma bara muka binne innata, ƙanwar mahaifiyata. Idonta ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, aka dinga jiƙa mata saiwar rawaya tana sha safe da yamma har wata biyu. Da muka kai ta likita, gwajin jini ya nuna ciwon hanta nau'in B, hantar ma ta riga ta ƙeƙashe. Na tambayi lokotoro ko jiƙon ya taimake ta ko ya ƙara mata nauyi. Sai ya ce: wa ya auna abin da ta sha?

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba na raina maganin kakanninmu. Masu bincike a wasu ƙasashe sun gwada rawaya a kan dabbobi, sun ga alamar tana kare hanta. Hanyar kuwa sananniya ce: a tatso ruwan saiwar, a raba ɓeraye kashi-kashi, a ba su abin da ke lalata hanta, kamar farasitamol mai yawa. Wasu a bar su haka, wasu a ba su ruwan saiwar bisa nauyin jikinsu, wasu a ba su silimarin, wani maganin kare hanta, don kwatance. Daga nan a auna ALAT da ASAT da bilirubin a jininsu, wato sinadaran da ke nuna halin da hanta take ciki, a duba naman hantar a madubin likita. Kafin duk wannan, sai an gano adadin da ke zama guba, abin da mai tallar kwalabe a tasha ba ya taɓa faɗi.

Muna da Jami'ar Abdou Moumouni, muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa LANSPEX a Yamai. Ina roƙon ka, tare da takwaranka na ilimi mai zurfi, ku ware kuɗin kiwon dabbobin gwaji da sayen sinadarai, a fara da rawaya da geza da maɗaci, irin waɗanda ake sayarwa a Katako da kasuwar Tawa. Maƙwabtanmu na Mali sun daɗe da fitar da wani maganin hanta mai suna Hépatisane daga ganyen geza, da ƙa'idar sha a rubuce.

Amma a yi hattara, ɓera ba mutum ba ne. Kare hantar ɓera daga guba daban, kashe ƙwayar cutar B daban. Kada a bar kowa ya ɗauki sakamakon gwaji ya shiga rediyo yana cewa ya samo waraka. In sakamakon ya fito, a bayyana shi da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a gaban masu maganin gargajiya ranar 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, a kuma roƙe su duk mai shawara da ya zo musu su fara tura shi gwajin jini.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malami daga Tawa