Kalmomi ne yaranmu ba su da su, ba basira ba

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, ya zafi? Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da muke kuka da shi duk shekara a nan Sakkwato in sakamakon WAEC da NECO ya fito, wato Turanci. Yaro ya ci lissafi ya ci bayoloji ya ci darasin addini amma babu kiredit a Turanci, shi kenan ko jami'ar Danfodiyo ko ta jiha ba mai kallon takardarsa, sai uba ya sake neman kuɗin jarrabawa a wanga yanayi da ake ciki.

Ni malamin sakandare ne, kuma abin da nake gani a aji ba daƙiƙanci ba ne. Yaron da ya haddace izu goma kafin ya shiga aji ɗaya ai ba a ce masa daƙiƙi. Kalmomi ne kawai babu a kansa. WAEC tana son ya rubuta insha'i na kalmomi 450, ya karanta dogon labari ya amsa tambayoyi, ya kuma taƙaita wani, JAMB kuwa cikin tambayoyi 180 guda 60 na Turanci ne. Sauran darussan ma da Turancin ake tambaya, sau da yawa yaro ya san amsa sarai amma kalma ɗaya cikin tambayar ta kayar da shi.

Masu binciken koyar da harshe sun daɗe da auna wannan abu. Kalmomi kusan 2,000 da aka fi yawan amfani da su su ne ke cike kamar kashi 80 cikin 100 na rubutun Turanci na yau da kullum, tun 1953 Michael West ya fitar da jerinsu, shi dai wanda iyayenmu sunka riƙe ƙamus ɗinsa a makaranta. Amma kafin mutum ya karanta jarida ko littafi ba tare da yana tuntuɓe ba sai ya san kusan 98 cikin kowace kalma 100, wannan kuwa sai da kalmomi wajen 8,000 zuwa 9,000. To a duba, shekara shida yaro ke yi a sakandare, in kalma biyar kacal yake riƙewa a kowace ranar makaranta zai fita da sama da 5,000. Ina suke?

Suna cikin littafin kwafi. Malam ya cika allo da kalmomi ashirin da ma'anarsu da wani Turancin da ya fi su wuya, yara su kwafa, ran Juma'a a yi tes, ran Litinin an manta. Wasu makarantun kuɗi kuma manyan kalmomi suke ɗura wa yara saboda dibet da ranar ba da kyauta, iyaye su yi ta tafi, alhali yarinyar ba ta iya rubuta wa furinsifal takardar neman izini ta layi biyar. Sai kuma dokar banakula, monita na rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a ci shi tara ko a zane shi. Wallahi ban taɓa ganin yaron da bulala ta ƙara wa kalma ko ɗaya ba, shiru kawai take koya masa, ya zauna kamar kurma har a tashi.

Abin mamaki mu a garin nan muna da hanyar da ta yi aiki tun zamanin Shehu. Je ka kowane zaure bayan asuba ko bayan magariba ka ga yadda ake karatun littafi. Malam ba ya ba almajiri jerin kalmomin Larabci ya ce je ka haddace, a'a, almajiri ya ja baƙi malam ya fassara masa da Hausa gaɓa gaɓa a cikin jimlar, gobe ya maimaita kafin a ƙara masa, kalmar nan kuma zai sake haɗuwa da ita a babi na gaba da littafi na gaba har ta zauna. Ga kuma tishi, wanda ko mahaddaci in ya bari karatunsa zubewa yake. Da haka mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Larabawa ba sunka rubuta littattafai da Larabci. Mi zai hana malamin Turanci ya yi haka? Ya ɗauko ɗan labari daidai ƙarfin yaran, a karanta da baki, kalmar da ta yi tsauri ya faɗi ma'anarta da Hausa ba kunya, yara su sa ta a jimlar da ta shafi rayuwarsu, noman albasa ne ko hawan kabu-kabu ko zuwa Tsohuwar Kasuwa, bayan kwana uku a dawo mata, bayan sati biyu a sake.

Amma fa wannan ba ya yiwuwa in babu abin karantawa, kuma nan ne matsalar take. Ajujuwa da yawa littafi ɗaya ne a hannun malam, laburare in ma akwai a kulle yake don kar a yaga. Roƙona ga SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ma'aikatar ilimi da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai shi ne a sa akwatin ƙananan littattafan labari a kowane aji tun daga firamare huɗu, a ware minti ashirin kullum na karatu zalla, a kuma yarda cewa wasu za su yage, a sake saye.

Iyaye kuma kuɗin lesin na wata ɗaya ya isa ƙamus da littattafai biyu uku na gwanjo. Ko ba ka yi boko ba sa yaronka ya karanta maka shafi ɗaya da dare ya faɗa maka da Hausa abin da aka ce, in yana kame-kame za ka gane.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wani malamin Turanci,
Mabera, Sakkwato.