Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga bakaniken da ya tambaye ni garin su Toyota

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

A shirinmu na rediyo ka bugo waya ka ce kai bakanike ne, kullum hannunka na cikin injin Toyota da babur Suzuki ko Yamaha. Ka tambaye ni me ya sa waɗannan kamfanoni suka fito daga yanki ɗaya na Japan, ƙasar da sai ta sayo man fetur da tama daga waje. Ka ce ko baiwa ce kawai Allah ya yi wa mutanen wurin? Lokaci ya ƙure mana ranar, ga amsata a natse.

Baiwa kam akwai ta, amma ƙasar wurin ma ta taka rawa sosai. Ana kiran yankin Tokai. Yana tsibirin Honshu, a bakin tekun Pasifik, tsakanin Tokyo da Osaka, ya haɗa lardunan Aichi da Shizuoka da Mie da kudancin Gifu. Kusan kashi uku cikin huɗu na Japan tsaunuka ne, don haka fili shimfiɗaɗɗe abu ne mai tsada. Tokai ya yi dace da filin Nobi, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,800, inda birnin Nagoya yake zaune da mutane kimanin miliyan 2.3. Koguna uku, Kiso da Nagara da Ibi, suna gangarowa daga tsaunuka su ratsa filin su zuba a gaɓar Ise. Ga ruwa, ga katako daga dazukan Kiso, ga kuma tsohuwar hanyar Tokaido da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yau, da Kyoto. Kusan a kan sawunta aka shimfiɗa layin jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya a 1964.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne: motar da kake gyarawa jikar masaƙa ce. Gaɓar nan tana da ɗumi da hasken rana, auduga ta karɓe ta tun ƙarnoni da suka wuce, saƙa ta zama sana'ar gida-gida a yankunan Mikawa, wato gabashin Aichi, da Enshu, wato yammacin Shizuoka. A nan aka haifi Sakichi Toyoda a 1867, ɗan kafinta, ya taso yana kallon mahaifiyarsa tana saƙa da hannu. Ya ƙera injin saƙar da in zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya da kansa, don kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi. Kai da ka san ɓarnar da inji ke yi in an bar shi yana juyawa da matsala, za ka gane darajar wannan dabara. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin ƙera injin, sannan Kiichiro ɗan Sakichi ya kafa kamfanin motocin Toyota a 1937. Garin Koromo da ya gina masana'antarsa har sunansa aka sauya zuwa Toyota a 1959. Suzuki ma da injin saƙa ya fara a birnin Hamamatsu na lardin Shizuoka a 1909. A garin ne aka kafa Honda a 1948, nan kuma Yamaha ya faro da kayan kiɗa kafin ya kai ga babur a 1955. Maƙeran da suka iya zuba ƙarfe da yanka giyar inji saboda masaƙu su ne suka koma yin kayan mota.

Batun man fetur da tama kuwa teku ce ta warware shi. Jiragen ruwa su kawo ɗanyen kaya har bakin masana'anta, su ɗebi motoci su fita. Tashar Nagoya ce ta fi kowace tasha a Japan yawan nauyin kayan da ke bi ta cikinta, kuma tun 1977 lardin Aichi ke kan gaba a ƙasar wajen darajar kayan masana'antu.

Sai dai kada ka ɗauka wurin zama ne na kwanciyar hankali. Kudancin filin Nobi yana ƙasa da tsayin ruwan teku. Tun da can ƙauyuka ke kewaye kansu da ganuwar ƙasa don tare ambaliya. A watan Satumban 1959 guguwar Isewan ta turo teku cikin gari da dare, ta kwaso manyan gumagumai daga ma'ajiyar katako ta tashar Nagoya tana rusa gidaje da su. Mutane fiye da 5,000 suka mutu ko suka ɓata. A birnin Yokkaichi na lardin Mie kuma, hayaƙin matatun mai ya jefa talakawa cikin cutar asma, sai a 1972 kotu ta ɗora wa kamfanonin alhaki. Wannan na ba ni takaici, domin masunta da yara da tsofaffi ne suka fi shan wuyar.

Akwai kuma girgizar ƙasa. Daura da gaɓar, a ƙarƙashin teku, akwai ramin Nankai inda ɓawon ƙasa ɗaya ke kutsawa ƙarƙashin wani. Ya motsa a watan Disambar 1944 ya rusa masana'antun jiragen sama na yankin, masana kuma na sa ran zai sake motsawa. Saboda wannan fargabar ce gwamnati ta sa aka dakatar da tashar nukiliya ta Hamaoka a Shizuoka a 2011.

Allah ya sa wa sana'arka albarka. A gaida yaran gareji.

Naka,
Malamin labarin ƙasa