A riƙa faɗa wa masu son kiwon zuma a bayan gida gaskiyar harbi

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan sana'ar da na gada, wato kiwon zuma. A 'yan shekarun nan ana ta kwaɗaitar da matasa da matan aure su ajiye akwatin zuma a bayan gida, a rediyo da Facebook da wuraren bita. Ana lissafa musu kuɗin kwalba da na kaki, ana karanto musu ayar Suratun Nahli mai cewa a cikin zuma akwai waraka ga mutane. Duk gaskiya ne, ni ma da ita nake ciyar da iyalina. Amma in aka zo batun harbi sai a wuce da sauri, a ce ai jiki zai saba. Abin da ya hana ni yin shiru ke nan.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a kan ɗorawa da kaɗanya yake rataye amyarsa, can cikin daji, kuma sai dare ya yi yake hawa ɗiba da hayaƙin busasshiyar ciyawa. Ba banza magabata suka nisanta amya da gari ba. Ƙudan zumanmu na Afirka sun fi na Turai faɗa nesa ba kusa ba. Bidiyon da yara ke kallo a waya, inda Bature ke buɗe akwati hannu ba safa, ba irin namu ba ne a ciki. A 1956 wani masani ɗan Birazil mai suna Warwick Kerr ya kai irin na gabashi da kudancin Afirka ƙasarsu, a 1957 wasu suka kuɓuce suka gauraya da na can, jikokinsu suka yi ta bazuwa har suka shiga Amurka a 1990, mutanen can suka laƙaba musu sunan makasa. To dangin waɗannan ne ake cewa a ajiye a jikin katangar maƙwabci.

Duk wanda zai taɓa akwati ya kamata ya san abin da ke faruwa in an harbe shi. Ƙarin ƙudan zuma, wato tsinken da yake harbi da shi, yana da ƙananan ƙayoyi, saboda haka in ya shiga fata ba ya fita, sai ya tsinke daga jikin ƙudan ya zauna, ƙudan kuma ya mutu. Ka duba bayan hannunka da kyau, za ka ga ɗan baƙin tsinke da wata 'yar farar jaka a samansa tana motsi ita kaɗai. Dafi take turawa. Don haka a cire shi nan take. Mutane kan tsaya neman reza ko wuƙa wai kada a matse jakar, alhali wani bincike da aka buga a mujallar likitanci ta Lancet a 1996 ya nuna saurin cirewa ne ke da muhimmanci, ko da farce ne ko da yatsu. Sannan wurin harbin yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba, wanda shi ne kiran yaƙi ga sauran. Shi ya sa inda ɗaya ya harba nan sauran ke tarowa. Ni dai da na cire ƙari sai in busa wa wurin hayaƙi, ko a kan riga ne. In na koma gida in wanke da sabulu, in ɗora ƙanƙara ko tsumma mai sanyi. Kananzir da fetur da wasu ke shafawa ba sa kashe dafi, fata kawai suke ƙonawa.

Kumburi a wurin harbi, ko da hannu ya yi suntum kwana biyu, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron na gan shi da idona a jikin ɗan ƙanwata da ke taya ni aiki. Yaro ne da ya sha harbi a baya ba abin da ya same shi. Wani yammaci lokacin bazara muna ɗiba, ƙuda ɗaya tak ya shiga ƙasan hular ragarsa ya harbe shi a wuya. Kafin in rufe akwatin ya ce, "Kawu, tafin hannuna na ƙaiƙayi." Na haska shi, sai ga borin jini ruɗu-ruɗu har ciki da baya, leɓɓa sun kumbura, muryarsa ta dushe, numfashi na fita da ƙara kamar usur. Muka ɗora shi a babur. A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa babu allurar adiranalin, wadda ita ce maganin wannan hali, sai da muka ƙara gaba. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Likitan ya ce mana ƙwayar ƙaiƙayi irin su Piriton ba ta buɗe maƙogwaron da ya toshe, kuma ya hana yaron kusantar akwati. Ya ƙara da cewa yawan shan harbi a baya ba lamuni ba ne, masu kiwon da iyalansu ma suna cikin waɗanda abin ya fi samu.

Akwai kuma wanda ƙuda suka yi wa rubdugu. Harbi ɗaruruwa dafi ne mai yawa ko ga wanda jininsa ba ya bori, yana iya taɓa ƙoda, balle yaro ƙarami ko tsoho. Irin wannan mutum, asibiti za a kai shi ko da ya ce ya ji sauƙi, musamman in fitsarinsa ya yi duhu. In sun taso maka, rufe fuska ka ruga cikin ɗaki ko mota ka rufe. Kada ka tsaya kaɗe-kaɗe, kada ka faɗa ruwa, za su jira ka ɗago.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haƙƙin maƙwabta. Mai akwati yana da riga da safa da hula. Yaran da ke dawowa daga makarantar allo fa? Ragon da ke ɗaure a turke fa, wanda ba shi da halin gudu? Na san gidan da aka yi asarar awaki a turke ta wannan hanya, zumunci ya lalace har yau. Wanda ya ce lallai sai a gida zai yi kiwo, to ya zama yana da fili mai faɗi a gefen gari, ya kewaye akwatin da darni ko katanga da ta fi tsayin mutum don ƙudan su tashi sama in sun fito. Ya ajiye musu ruwa kusa, da 'yan tsakuwa a ciki, in ba haka ba randar maƙwabta da bakin rijiya za su addaba lokacin zafi. Ya nisanta su da janareta da injin markaɗe. Ya buɗe akwati gab da magariba, bayan ya sanar da mutane an shigar da yara an kwance dabbobi, ya sa fararen kaya, ya bar turare a ɗaki. A cikin lungu mai cunkoso kuwa, wallahi ban ga dalilin ajiye ta ba, a nemi gona.

Roƙona ga masu shirya bita shi ne kada su raba wa kowa akwati sai da rigar kariya da gwangwanin hayaƙi, kuma su gayyaci ma'aikacin lafiya ya koya wa mutane alamomin nan na toshewar numfashi. Hukumomin lafiya na jihohi da ƙananan hukumomi kuma su tabbatar akwai allurar adiranalin a kowane ƙaramin asibiti na karkara, da wanda ya iya yin ta.

Na gode Edita.

Naka,
Wani mai kiwon zuma daga ƙasar Zazzau, Jihar Kaduna