Don Allah a ja kunnen samari kan ɗora turbo a ƙananan motoci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani sabon yayi da ya shigo ma samarinmu nan Birnin Kebbi. Yaro zai ga bidiyo a TikTok ko YouTube an ɗora ma ƙaramar mota turbo tana kuwwa tana feshin wuta ta salansa, shi ke nan sai ya kwaso 'yar Starlet ko Vitz ɗinshi ya nufo gareji wai a saka mishi irin ta. Ni kanikanci ne sana'ata, kuma irin waɗannan injuna in sun mutu wurinmu ake kawo gawar, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Turbo ba ƙarya ba ce, tana ƙara ƙarfi. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya ta biyu da ke ɗura iska cikin silinda da ƙarfin tsiya, juyin yana wuce 100,000 a minti ɗaya. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. In turbo ta ɗura ma inji iska mai ƙarfin rabin "bar" a ma'aunin iska, wato kusan fam 7 a geji irin na taya, ka ƙara mishi kusan rabin iskar da yake shaƙa da kanshi. Har nan babu gardama.

Inda gizo ke saƙa shi ne su waɗanga ƙananan motoci masu tsimin mai tun daga kamfani an riga an matse su. Injin Vitz mai silinda 3 ɗin nan, 1KR, matsinshi 10.5 ne, ma'ana fistin yana tattara iska da mai ya matse su su koma kashi ɗaya cikin goma da rabi kafin fulogi ya ba da wuta, kuma da wannan matsin ne take samun tsimin man da kowa ke yabo. To kai kuma ka zo ka ɗura mata wata iska bisa wannan, iskar ma mai zafi don duk iskar da anka matsa sai ta yi zafi. Abin da zai biyo baya, man da ya rage a gefen silinda ba zai jira wutar fulogi ta iso gare shi ba sai ya fashe da kanshi, ka taka totur a hawa ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikin inji, direba ya ce ai ba komai fulogi ne, alhali guduma ce ake sauke ma fistin. Na buɗe irin wannan inji na gani da idona, gefen fistin tsakanin ringi da ringi ya ɓantare kamar ɓera ya gwaguye shi, bakin fulogi ya yi fari fat da ɗigo-ɗigon alminiyam a jiki, gaskit ya ƙone, baƙin mai ya gauraya da ruwan lagireto ya koma kalar madara. Mai motar kuma yana tsaye yana tambaya ko wanki za a yi mata.

Masu gardama sukan ce ai Toyota da kanta ta yi Starlet mai turbo. Ƙwarai ta yi, akwai GT Turbo tun 1990 sannan Glanza V a 1996, amma su je su duba mi ta yi kafin ta ɗora. Injin Starlet na gama-gari 4E-FE matsinshi 9.6, shi ko mai turbo 4E-FTE sai da sunka sauke shi zuwa 8.2, sunka canza fistin, sunka saka intakula bisa inji mai sanyaya iska, nozul da kwamfutar motar ma daban, sannan ya ba da ƙarfin doki wajen 135. Kamfanin da ya ƙera injin bai yarda ya bar matsin yadda yake ba, sai kai da walda da bututun da ka yanko a kasuwar 'yan gwangwan? Haba.

Wasu kuma tirela da Hilux mai gas suke kallo, suna cewa ga su nan da turbo shekara da shekaru ba abin da ya same su. Wannan injin dizal ne, shi dama babu fulogin wuta, matsi ne ke kunna mishi mai, an gina shi don haka. Sai masu ɗan karatu su kawo maka Ford EcoBoost mai lita 1 da ya fito 2012, wai matsinshi 10 kuma ga turbo. Haka ne, amma shi nozul ɗinshi kai tsaye cikin silinda yake feshi, abin da ke sanyaya wurin, kuma kwamfuta na sauraren inji kowane lokaci tana ja da taimin baya da ta ji alamar fashewa. Ba Vitz ɗin da ta shigo ta Kwatano ta sha tafiya ba.

Sannan ga mai. A Turai mutum na shiga gidan mai ya zaɓi fetur mai lamba 95 ko 98, lambar da ke nuna yadda man ke jure matsi, masu bidiyon nan mai ƙarfin suke zubawa don shi ke jure matsi. Mu nan fetur kala ɗaya ne, abin da famfo ya ba ka shi ke nan, in ka fita gari kuma sai 'yan bumburutu da galan, Allah kaɗai ya san mi ke ciki. Ka haɗa da zafin watan Afrilu da ke haura 40 a Kebbi, da ƙurar hunturu da ke toshe filta, ka ɗauki hanyar Yauri da mutum shida da buhun shinkafa a but. Wallahi ko injin da ba a taɓa ba yana ji a jikinshi.

Kuma abin dariya, tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ƙaramar mota yake nema saboda tsimi, to turbo in tana aiki dole a ƙara ma inji mai fiye da ƙima don ya sanyaya fistin, in ba a ƙara ba ya narke. Ka sayi mota don tsimi ka biya kuɗi an kashe tsimin. Ban ma zo kan kuloci da zai fara sulɓi ba, da giyar otomatik irin ta CVT da ke cikin Vitz da yawa daga 2005 wadda bel ne a cikinta ba ta son a fizge ta, da birki da aka yi don doki 70.

Laifin namu ne mu kanikawa wani lokaci, in faɗi gaskiya. Wani ya san bai da na'urar da zai gyara lissafin kwamfutar motar, bai da abin auna mai da iska a salansa, amma ya ga kuɗi sai ya ce kawo. Wanda ya nace sai ya yi, a gaya mishi tun farko aikin ya haɗa da fistin mai ƙaramin matsi, intakula, manyan nozul, famfon mai, layin baƙin mai zuwa turbo da dawowa, da wanda ya iya saita kwamfuta, kuma a tsaya ƙasa-ƙasa da iskar. In ya lissafa zai ga gara ya sayar ya cika ya sayi wadda ta zo da turbo ɗinta daga kamfani.

Roƙona Malam Edita, ku buɗe ɗan shafi na harkar mota ko sau ɗaya a wata, ku riƙa tuntuɓar malaman injiniya irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke nan garin su yi bayani da Hausa. In kun samu zama da su ku tambayar mana batun CNG ma, wato iskar gas ta mota, tunda iskar gas ta fi fetur jure matsi nesa ba kusa ba, muna son mu ji yadda za ta kasance ga waɗanga ƙananan injuna a irin zafinmu.

Na gode, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani bakanike daga Birnin Kebbi, Jihar Kebbi