A Karɓi Layukan Unguwannin Awon Igiya a Hukumance

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda hanya take zama titin hukuma a birnin Kano, batun da yawancinmu ba ma tunawa da shi sai ranar da maƙwabci ya turo katangarsa cikin layi.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni amana a hannun gwamna. Saboda haka idan za a yanka sabuwar unguwa bisa ƙa'ida, masu safiyo ne suke auna filin, a zana taswirar da ta ware fuloti da hanya da magudanar ruwa, sannan hukumar tsara birane ta jiha ta amince da zanen. Da zarar hanya ta shiga wannan taswira, ta zama ta jama'a, an san faɗinta, kuma duk wanda ya ci ko da taku ɗaya daga cikinta akwai takardar da za a ƙure shi da ita. Tsarin mulkin 1999 kuma, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da tituna, da raɗa musu suna, da sanya wa gidaje lamba.

A unguwannin awon igiya kuwa, mai gona da dillali ne suke yanka filin, kuma abin da ya rage bayan an gama sayar da fulotai shi ake kira hanya. Layinmu a da motoci biyu suna wucewa a jere, amma yau shago da baranda da ramin masai sun cinye shi, har adaidaita sahu da ƙyar take shiga, balle motar kashe gobara. Da muka kai kuka, tambayar farko da aka yi mana ita ce ina taswirar, alhali babu ita.

Roƙona ga mahukunta shi ne su fitar da ƙa'ida bayyananniya ta karɓar irin waɗannan layuka. A turo masu safiyo su auna abin da ya saura a gaban mai unguwa da mazauna, a kafa alamar iyaka, a shigar da layin cikin taswira da sunansa, sannan a ajiye kwafinta a sakatariyar ƙaramar hukuma inda kowa zai iya zuwa ya duba kafin ya haƙa tushen gini.

Naka,
Wani mazaunin Kano