Wasiƙa ga Abba: Bindigar da Ta Tashi Ba a Ɗana Ba

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Saƙonka ya iso. Ka ce Baturen da ke shugabantarku ya jefe ka da kalmar "half-cocked", kana tambaya ko zagi ne. Ba zagi ba ne. Cewa ya yi ka yi garaje, kuma ina ganin bai yi ƙarya ba.

Maganar daga bindigar ƙanƙara ta fito, wadda ta bazu a Turai a ƙarni na 17, 'yar uwar adakar da maharba ke ratayawa. Ƙarfen da ke riƙe da dutsen ƙanƙara, mutanen Ingila zakara suke ce masa, saboda yadda yake kai sara. Hawa biyu gare shi. In aka ja shi rabi, sai ya maƙale a wani gurbi, ko an taɓa kunama ba abin da zai faru. A lokacin ne mutum ke zuba albarushi a ɗan kaskon gefe hankali kwance. Sai an ja shi har ƙarshe bindiga ta ɗanu. To in gurbin nan ya cinye, ko bindigar ta bugu da wani abu, sai ta tashi tun tana rabi, wato "half-cocked" ke nan, ba saiti ba komai, wanda tsautsayi ya faɗa wa ya sha.

Yanzu dubi naka. Ka ga kaya ba su cika ba, ka rubuta wa ma'aikata kaf, har da sunan mai kula da sito, ba ka ko buɗe takardun shigowar kaya ba. Ashe mota ce ba ta iso ba. Mutum ne mai iyali, Abba, ka sa ana yi masa kallon ɓarawo. Tun kana yaro, da zarar ranka ya ɓaci bakinka ke riga ka. Haka marigayi mai sunanka yake, Allah Ya jiƙansa, amma shi ba shi da wayar da za ta kai maganarsa ga jama'a cikin ƙiftawar ido.

Gobe ka same shi ka ba shi haƙuri, sannan ka sake rubuta wa duk wanda ya ga saƙon farko ka wanke shi. Batun ajiye aiki da ka ambata a saƙonka kuwa, kada ka sa hannu a komai sai ka zo Sallah mun zauna.

Mahaifiyarka na gaishe ku. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.