Makullin shafin majami'a ya zauna a hannun majami'a

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba mu ɗan fili mu yi magana da dattawa da sakatarorin ikilisiyoyi, na ECWA ne, ko COCIN, EYN, HEKAN ko Katolika, kan shafukan intanet da guruf-guruf ɗin da ake ta buɗe wa majami'u. Yawancinsu abu ɗaya ke kashe su: makullin yana hannun mutum ɗaya.

Wani matashi mai ƙwazo ne zai sayi sunan shafin da imel ɗinsa da katin bankinsa. Sunan nan kuwa haya ce ta shekara-shekara, haka ma wurin da ake ajiye shafin. Sai matashin ya tafi bautar ƙasa, ko a yi wa fasto canjin wurin aiki ya tafi da wayarsa. Saƙon tunin biyan kuɗi ya faɗa akwatin da ba mai dubawa, wa'adi ya wuce, ran nan a wayi gari adireshin da aka buga a kalandar majami'a yana kai mutane shafin caca. Tun farko a buɗe imel da sunan ikilisiya, a sayi layin waya guda na ofis, a yi rajistar komai da su. Sunan da ya ƙare da .org.ng ana samunsa wajen dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen shafukan .ng, ta amince da su. A rubuta kalmomin sirri a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun fili. Ranar sabunta haya kuma ta shiga kasafin shekara. Layin ofis ɗin a riƙa saka masa kati ana kira da shi, don idan ya daɗe a kwance kamfani zai sayar wa wani, da shi da duk lambobin sirrin da ke shigowa ta cikinsa.

Shi kansa shafin ba ya son kaya da yawa: lokutan sujada, ta Hausa da ta Turanci, kwatancen wuri, lambar ofis, da asusun banki mai sunan majami'a, ba na ma'aji ba. Hoton da ya fito daga waya yakan kai megabait 4 ko 5. A rage shi ya koma ƙasa da kilobait 200, in ba haka ba mai raunin sabis zai gaji da jira ya fita.

A WhatsApp aka fi yin ɓarna. Guruf ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, amma idan aka cusa kowa a wuri guda, sanarwar jana'iza sai ta nutse cikin gaisuwar safe da tallan atamfa. Tsarin Communities da kamfanin ya fito da shi a 2022 ya fi dacewa: zauren sanarwa ɗaya wanda admin kaɗai ke rubutu, sannan zumuntar mata, matasa, mawaƙa da dattawa kowa da nasa. Admin su zama uku, kowannensu ya kunna matakin tsaro na biyu mai lamba shida. A kuma sanar daga kan bagade, ba sau ɗaya ba, cewa babu taron addu'a da ke buƙatar a karanta wa wani lambar da ta shigo waya. Da wannan dabarar 'yan damfara ke ƙwace layin dattijo, su bi 'yan guruf ɗaya bayan ɗaya suna roƙon kuɗin asibiti da sunansa.

Masu son haska sujada kai tsaye su fara da lissafin data: awa ɗaya mai hoto matsakaici tana cin sama da gigabait 1. Sauti ne ke riƙe mai kallo, don haka a ja igiyar sauti daga miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo, zuwa na'urar ɗauka. Makirufon wayar salula ƙarar janareta da fanka yake kwasowa. Tun Fabrairun 2025 Facebook yana goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30, sai a sauke shi a ajiye. Mu dai a ganinmu murya zalla ta fi amfani: wa'azin minti 40, idan aka matse shi, bai wuce megabait 10 ba, tsohuwa a ƙauye za ta saurara.

Masu tura saƙon tes su lura: harafi ɗaya mai lanƙwasa, irin ƙ ko ɗ, yana rage shafin saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, kuɗin ya ninka.

Sai batun sirri. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa addinin mutum cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman. Kada a watsa rajistar membobi a guruf, kada a ɗora hoton yara ba da yardar iyaye ba. Inda tsaro ya yi ƙaranci, kyamara ta tsaya kan bagade kawai, lokacin addu'ar dare kuma a faɗe shi a cikin majami'a.

Mun gode,
Wasu masu kula da na'urorin sadarwa na majami'u, Jos